Shirin Meyerhoff

Shirin Meyerhoff shiri ne na tallafin karatu da renon ɗalibai a fannonin kimiyya, injiniyanci da lissafi. Yana gudana a Jami'ar Maryland ta Gundumar Baltimore, wadda aka fi sani da UMBC, a jihar Maryland ta ƙasar Amurka. An kafa shi a shekarar 1988 da haɗin gwiwar masanin lissafi Freeman Hrabowski, wanda daga baya ya shugabanci jami'ar har shekara 30, da attajirin birnin Baltimore Robert Meyerhoff da matarsa Jane, waɗanda suka ba da dala 500,000 da aka fara aikin da su. Manufar shirin ita ce ƙara yawan baƙaƙen fata da sauran al'ummomin da aka bari a baya a cikin masu digirin digirgir na kimiyya da injiniyanci. Ɗalibai fiye da 1,000 sun kammala digiri na farko a ƙarƙashinsa, kuma fiye da 300 daga cikinsu sun kai ga digirin digirgir. Ana yawan kafa misali da shi idan ana maganar yadda shugabannin jami'a da masu hannu da shuni za su haɗa kai su buɗe ƙofar kimiyya ga waɗanda aka daɗe ana rufe wa ita.

Matsalar da ta haifar da shirin

A takardun hukuma na Amurka ana kiran ɗaliban da irin wannan shiri ke nema da wani lafazi mai nufin "tsirarun da wakilcinsu bai kai yawansu ba". Kalmar tsiraru ita kaɗai ba ta isar da ma'anar, domin 'yan asalin Asiya ma tsiraru ne a ƙasar, amma suna da yawa a ɗakunan gwaje-gwaje da tsangayoyin injiniyanci. Waɗanda ake nufi su ne baƙaƙen fata, da 'yan asalin ƙasashen Latin Amurka, da 'yan asalin ƙasar na farko wato Indiyawan daji kamar yadda ake kiransu a da. Rahoton da Cibiyoyin Masana na Ƙasa suka fitar a 2011, wanda Hrabowski ya jagoranci kwamitin rubuta shi, ya nuna cewa a shekarar 2006 waɗannan al'ummomi su ne kashi 28.5 cikin ɗari na mutanen Amurka, amma kashi 9.1 ne kawai na masu digiri da ke aiki a fannonin kimiyya da injiniyanci.

An daɗe ana ɗora laifin wannan giɓi a kan makarantun firamare da sakandare na unguwannin talakawa, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai alƙaluman shiga jami'a sun nuna wani abu dabam. Ɗalibai baƙaƙen fata suna shiga jami'a da niyyar karanta kimiyya kusan daidai da yadda takwarorinsu fararen fata ke yi. Asarar tana faruwa ne a cikin jami'ar kanta, musamman a shekarar farko da ta biyu, a manyan azuzuwan ilimin sinadarai da lissafin kalkulas da fiziks, inda ɗalibai ɗaruruwa ke zama gaban malami ɗaya. A al'adar jami'o'in Amurka ana kallon waɗannan kwasa-kwasai tamkar rariya, wato aikinsu tankaɗe da rairaya. A wata lacca da ya gabatar a dandalin TED a 2013, Hrabowski ya kawo alƙaluman da ke nuna cewa kusan kashi 20 cikin ɗari ne kawai na baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka da suka fara karatun kimiyya ke kammala shi a fannin, fararen fata kusan kashi ɗaya bisa uku, 'yan asalin Asiya kuma kimanin kashi 40. Abin da ya ja hankali a kai shi ne cewa ko a cikin waɗanda suka fi samun nasara, mafi yawa faɗuwa suke yi a hanya. Ke nan rariyar tana zubar da tsaba tare da dusa.

Kafin 1988 an yi ƙoƙari iri-iri. A 1974 shugabannin manyan kamfanoni, ciki har da Reginald Jones na General Electric, sun taimaka wajen kafa majalisar NACME domin ba ɗaliban injiniyanci tallafin karatu. A 1975 ɗalibai suka kafa Ƙungiyar Injiniyoyi Baƙaƙen Fata ta Ƙasa a Jami'ar Purdue. Shirye-shiryen da jami'o'i da yawa suka yi a cikin gida kuwa sun karkata ga cike giɓin ɗalibi mai rauni domin ya samu ya tsallake jarrabawa. Shirin Meyerhoff ya ɗauki wata hanya: ya nemi ɗalibai masu ƙwazo, ya sa musu burin da ya fi digiri na farko nisa.

Waɗanda suka kafa shi

An haifi Freeman Alphonsa Hrabowski na uku a ranar 13 ga Agusta, 1950, a birnin Birmingham na jihar Alabama, lokacin da dokokin wariyar launin fata ke aiki a kudancin Amurka. Iyayensa duka sun yi aikin koyarwa. Yana ɗan shekara 12 ya shiga zanga-zangar yara ta watan Mayun 1963 wadda Martin Luther King da abokan gwagwarmayarsa suka shirya, aka kama shi, ya kwana biyar a tsare. Ya yi digiri na farko a lissafi a Kwalejin Hampton da ke Virginia, ɗaya daga cikin makarantun da aka kafa domin baƙaƙen fata tun zamanin wariya, ya kammala yana da shekara 19. Daga nan ya tafi Jami'ar Illinois da ke Urbana-Champaign, inda ya yi digiri na biyu a lissafi, ya kuma samu digirin digirgir a fannin gudanar da manyan makarantu yana da shekara 24. Ya yi shekara goma a Kwalejin Coppin da ke Baltimore kafin ya koma UMBC a 1987 a matsayin mataimakin shugaban harkokin karatu. Ya zama shugaban jami'ar a 1992.

UMBC ƙaramar jami'a ce idan aka gwada ta da manyan jami'o'in jihohi, kuma sabuwa, domin a 1966 aka buɗe ta a kusa da garin Catonsville. Tun daga ranar farko tana karɓar ɗalibai na kowane launi, amma a wancan lokacin mafi yawansu fararen fata ne. Lokacin da Hrabowski ya iso ya tarar ɗalibai baƙaƙen fata suna zanga-zanga kan wariyar da suka ce ana nuna musu. Da ya duba takardun sakamako sai ya ga 'yan kaɗan ne daga cikinsu ke samun maki mai kyau a kwasa-kwasan kimiyya.

Robert Meyerhoff kuwa injiniyan gine-gine ne da ya yi karatu a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts wato MIT, ya tara dukiya a harkar gina gidaje da ba da su haya a yankin Baltimore. An san shi da kiwon dawakin tsere, kuma shi da Jane sun tara zane-zanen manyan masu fasaha na Amurka irin su Jasper Johns da Roy Lichtenstein, waɗanda suka yi alkawarin ba Gidan Adana Zane-zane na Ƙasa da ke Washington. Abin da ya dame shi a lokacin shi ne halin da samari baƙaƙen fata ke ciki a birninsa. Robert Embry, shugaban Gidauniyar Abell ta Baltimore, shi ya haɗa shi da Hrabowski. Meyerhoff bai tsaya ga ba da kuɗi ba: ya riƙa haɗuwa da ɗaliban, yana bin sakamakonsu, kuma ya ci gaba da ƙara tallafi shekaru da yawa bayan kyautar farko.

Shekarun farko da hukuncin kotu

Rukunin farko ya shiga jami'a a 1989. Su 19 ne, dukkansu maza baƙaƙen fata, bisa abin da mai ba da kuɗin ya fi damuwa da shi. A shekarar da ta biyo baya, 1990, aka fara ɗaukar mata. Tun daga nan ake kiran kowane rukuni da harafin M da lamba: na 1989 shi ne M1, na 1990 M2, haka har zuwa yau. Tsofaffin ɗalibai kan gabatar da kansu da wannan lamba kamar yadda soja ke faɗin kwas ɗinsa, kuma da jin ta ake sanin wane ne yaya wane ne ƙane.

Babban sauyi ya zo ne daga wata shari'a da ba ta shafi UMBC kai tsaye ba. Wani ɗalibi mai suna Daniel Podberesky ya kai ƙarar Jami'ar Maryland ta College Park saboda an hana shi tallafin karatu na Banneker, wanda aka keɓe wa baƙaƙen fata kawai. A 1994 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke hukuncin cewa keɓewar ta saɓa wa tsarin mulki, kuma a 1995 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar da jami'ar ta ɗaukaka. Ganin haka, a 1996 aka buɗe Shirin Meyerhoff ga ɗalibi na kowane launi, da sharaɗin yana da ƙwazo a kimiyya kuma ya nuna himmar ganin an ƙara wakilcin waɗanda aka bari a baya. Wasu sun ji tsoron cewa wannan zai dilmiyar da manufar shirin. Hakan bai faru ba: baƙaƙen fata sun ci gaba da zama babban kaso na ɗaliban, tare da fararen fata da 'yan asalin Asiya da na Latin Amurka.

Yadda shirin yake aiki

Jami'ar tana lissafa ginshiƙai 13 da shirin ya tsayu a kansu. Daga ciki akwai zaɓen ɗalibai, tallafin kuɗi, horon share fage, karatun rukuni, ba da shawara, binciken lokacin hutu, da shigar malamai da iyaye cikin al'amarin. Jerin ba ya nuna wanda ya fi wani nauyi, amma wasu daga ciki sun fi bayyana abin da ya bambanta shirin da tallafin karatu na yau da kullum.

Zaɓe yana farawa daga makarantun sakandare, inda malamai da masu ba ɗalibai shawara ke miƙa sunaye. Waɗanda suka tsallake tantancewar farko ana gayyatar su jami'ar tare da iyayensu a wani ƙarshen mako, malamai da ma'aikata da tsofaffin ɗalibai su yi musu tambayoyi. Ba maki kaɗai ake dubawa ba. Ana lura da yadda ɗalibi ke aiki da wasu, da ko yana da sha'awar bincike ta gaskiya, domin shirin masu bincike yake nema. Waɗanda ake ɗauka a shekara ba su cika kai ɗari ba. Wanda aka ɗauka yana samun tallafin kuɗin makaranta da na masauki har shekara huɗu, muddin ya ci gaba da karatu a fannin kimiyya ko injiniyanci kuma matsakaicin makinsa bai sauka ƙasa da B ba.

Abin da tsofaffin ɗalibai suka fi ba da labarinsa shi ne horon share fage na mako shida, wanda ake yi a lokacin bazara kafin a buɗe zangon farko. Sunansa a Turanci yana nufin gada, wato abin da ke haɗa sakandare da jami'a. Ɗaliban suna kwana a jami'ar, suna tashi da sassafe, suna ɗaukar darasin lissafi da na tarihi da al'adun baƙaƙen fata, tare da horo a ilimin sinadarai da fiziks da dabarun karatu da tsara lokaci. Ana taƙaita musu amfani da wayar salula da shafukan sada zumunta. Ana kai su ziyara ɗakunan bincike na gwamnati da na kamfanoni, kuma yankin yana da su da yawa: Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa wato NIH a Bethesda, da cibiyar Goddard ta hukumar NASA a Greenbelt, duk tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ce a mota. Tsaurin horon ya sa ake kwatanta shi da na sababbin sojoji. Manufarsa dai a fili take: kafin ɗalibi ya shiga aji mai mutum ɗari uku, ya riga ya san wasu gomomi da suka sha wuya tare, waɗanda ba zai ji kunyar ce musu bai gane ba.

Wannan ya kai mu ga karatun rukuni, wanda shi ne ƙashin bayan shirin. A shekarun 1970 wani malamin lissafi a Jami'ar California da ke Berkeley, Uri Treisman, ya bi diddigin ɗalibansa domin ya gano dalilin da ya sa baƙaƙen fata masu kyakkyawan sakamakon sakandare ke faɗuwa kalkulas. Ya tarar suna karatu sosai, amma kowa shi kaɗai a ɗakinsa, yayin da ɗalibai 'yan asalin Sin ke taruwa da yamma suna warware tambayoyi tare, suna gyara wa juna kuskure. Tsarin Meyerhoff ya dace da wannan binciken. Ɗaliban shekarar farko suna zama a ɗakin kwana ɗaya, ana sa su kafa rukunonin karatu, ana kuma koya musu cewa neman taimako wurin mai koyarwa na musamman hanya ce ta samun A, ba alamar gazawa ba. Su ma ana sa ran su koyar da wasu. A aji ana son su zauna a layin gaba, su yi tambaya, su san malami shi ma ya san su.

Akwai wata ƙa'ida da ke ba sababbin ɗalibai mamaki. Wanda ya samu C a ɗaya daga cikin kwasa-kwasan tushe, alhali C ɗin cin jarrabawa ne a dokar jami'a, ana ba shi shawara ya maimaita kwas ɗin. Hujjar ita ce darussan kimiyya hawa-hawa ne. Wanda bai riƙe ilimin sinadarai na shekarar farko da kyau ba zai durƙushe a na shekara ta biyu, kuma a nan ne mafi yawa ke canja fanni. Ma'aikatan shirin na cikakken lokaci ne, suna bin makin kowane ɗalibi tun daga gwajin farko, ba sa jira sai ƙarshen zango. Earnestine Baker da LaMont Toliver, wanda ya rasu a 2012, suna cikin waɗanda suka daɗe suna jagorantar wannan ofishi, sai Keith Harmon bayansu.

Sai bincike. Ana tura kowane ɗalibi ɗakin gwaje-gwaje tun da wuri, a cikin jami'ar lokacin karatu, a wasu jami'o'i ko kamfanoni ko hukumomin gwamnati lokacin hutu. Wanda ya fi shahara a cikin malaman da suka rungumi wannan aiki shi ne Michael Summers, farfesan ilimin sinadarai, farar fata, mai binciken siffar sunadaran ƙwayar cutar HIV. Ɗalibai masu digiri na farko da dama sun fito a matsayin marubuta a maƙalun da ɗakinsa ya buga. Shigar irinsa tana da muhimmanci, domin a jami'ar bincike maganar farfesan da ke kawo kuɗin bincike ta fi ta ofishin kula da ɗalibai nauyi a wurin sauran malamai. Hrabowski ya sha nanata cewa masu bincike ne ke haifar da masu bincike.

Iyaye ma suna da ƙungiyarsu, ana sanar da su halin da 'ya'yansu ke ciki. Ana yin taron dukan ɗaliban shirin lokaci-lokaci, wanda suke kira taron iyali, kuma al'adarsu ce su karanta wata gajeriyar waƙar Langston Hughes mai suna Dreams tare.

Sakamako

Kenneth Maton, farfesan ilimin halayyar ɗan Adam a UMBC, ya fara bin diddigin ɗaliban tun shekarun farko. Tambayar da kowa zai yi ita ce: tunda masu ƙwazo aka zaɓa, ba za su yi nasara ko babu shirin ba? Domin amsa ta, Maton ya gwada ɗaliban Meyerhoff da waɗanda aka ba gurbin amma suka ƙi karɓa, suka tafi wasu jami'o'i, sau da yawa waɗanda suka fi UMBC suna. Rukunonin biyu sun fito sakandare da maki kusan ɗaya. Sakamakon ya nuna cewa baƙaƙen fatan da suka shiga shirin sun ninka waɗanda suka ƙi kusan sau biyar wajen shiga ko kammala digirin digirgir a kimiyya da injiniyanci.

Alƙaluman Gidauniyar Kimiyya ta Ƙasa da aka fitar a farkon shekarun 2020 sun sa UMBC a sahun farko a Amurka wajen yaye baƙaƙen fatan da ke zarcewa su samu digirin digirgir a kimiyyar halitta da injiniyanci. Ita ce kuma kan gaba wajen waɗanda ke haɗa digirin likita da na digirgir. Nauyin wannan yana fitowa idan aka tuna cewa sauran makarantun da ke saman jerin, irin su Howard da Spelman da North Carolina A&T, makarantun baƙaƙen fata ne na tarihi.

Darussan shirin sun koma kan sauran ɗaliban jami'ar. An sake tsara kwas ɗin ilimin sinadarai na shekarar farko ta yadda kowa zai yi aiki a ƙaramin rukuni, aka samu ƙaruwar masu cin jarrabawa. An kuma kafa wasu shirye-shirye a kan irin tsarin, ciki har da na horar da malaman kimiyya da lissafi na makarantu wanda George Sherman, tsohon shugaban kamfanin Danaher, da matarsa Betsy suka ɗauki nauyi.

Fitattun tsofaffin ɗalibai

Kizzmekia Corbett, 'yar rukunin M16, ta kammala a 2008, ta yi digirin digirgir a Jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill a 2014. Tana cikin jagororin masu binciken NIH da suka yi aiki da kamfanin Moderna wajen samar da allurar rigakafin korona a 2020. A 2021 ta koma makarantar kiwon lafiyar al'umma ta Jami'ar Harvard.

Jerome Adams, ɗan M4, ya riƙe muƙamin Babban Likitan Amurka daga 2017 zuwa 2021. Kafui Dzirasa, wanda iyayensa 'yan Ghana ne, ya karanta injiniyancin sinadarai, ya kammala a 2001, sannan ya zama likitan ƙwaƙwalwa kuma mai bincike a Jami'ar Duke, inda shi ne baƙar fata na farko da ya samu digirin digirgir a ilimin jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Lola Eniola-Adefeso ta je Amurka daga Najeriya tana budurwa, ta kammala injiniyancin sinadarai a 1999, ta yi shekaru tana koyarwa a Jami'ar Michigan, kuma a 2024 aka naɗa ta shugabar tsangayar injiniyanci ta Jami'ar Illinois da ke Chicago. Kyla McMullen ita ce baƙar fata mace ta farko da ta samu digirin digirgir a kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Michigan, a 2012. Naomi Mburu kuma ita ce ɗalibar UMBC ta farko da ta ci tallafin Rhodes na karatu a Oxford.

Kwaikwayo a wasu jami'o'i

Shekaru da yawa ana cewa abin da aka yi a UMBC ba zai yiwu a wani wuri ba, saboda ya dogara ga shugaba baƙar fata mai kwarjini wanda ke tsayar da ɗalibai a hanya yana tambayarsu makinsu, da kuma jihar da ke da baƙaƙen fata masu matsakaicin hali da yawa. An gwada wannan magana a aikace. A 2013 Jami'ar Jihar Pennsylvania da Jami'ar North Carolina ta Chapel Hill suka fara nasu shirye-shiryen a kan tsarin Meyerhoff, kuma a 2014 Cibiyar Binciken Lafiya ta Howard Hughes, wato HHMI, ta ba da dala miliyan 7.75 domin tallafa wa gwajin. Makarantun biyu sun bambanta da UMBC ƙwarai. Ta Pennsylvania katafariya ce a cikin karkara, baƙaƙen fata kaɗan ne a cikinta. Ta Chapel Hill kuma tsohuwa ce mai dogon tarihin wariya. Ma'aikatansu sun je Baltimore sun zauna makonni suna kallon yadda ake horon share fage. Maƙalar da aka buga a mujallar Science a 2019 ta nuna cewa ɗaliban rukunonin farko na makarantun biyu sun tsaya a fannonin kimiyya, sun kuma samu maki, daidai da abin da aka gani a UMBC. Jagororin gwajin sun jaddada cewa sai an ɗauki tsarin gaba ɗaya, kuma sai shugabannin jami'a sun sa kuɗinsu da sunansu a ciki.

A 2019 gidauniyar Chan Zuckerberg, ta mai kamfanin Facebook da matarsa Priscilla Chan, ta ba da dala miliyan 6.9 domin a kai tsarin Jami'ar California ta Berkeley da ta San Diego. Jihar California ta haramta la'akari da launin fata a jami'o'in gwamnati tun 1996, saboda haka tsarin da ke buɗe ga kowa ne kaɗai zai iya aiki a can. Jami'ar Howard ma ta kafa makamancinsa a 2017.

Suka da muhawara

Suka ta farko ita ce tsada. Tallafi na shekara huɗu, da mako shida na ciyarwa da koyarwa, da ma'aikatan da ba su da wani aiki sai wannan, duk domin ɗalibai 'yan gomomi a shekara: ba kowace jami'a ce ke da attajirin da zai ɗauki wannan ba. Ta biyu, shirin yana ɗaukar waɗanda suka riga suka fito daga sakandare da shiri mai kyau, don haka bai taɓa matsalar yaron da makarantarsa ba ta da malamin fiziks ba. Masu shirin ba su musanta wannan ba. Amsarsu ita ce waɗannan masu ƙwazon ma asararsu ake yi, kuma daga cikinsu ne farfesoshin gobe za su fito.

Akwai kuma abin lura game da binciken kansa. Waɗanda suka ƙi gurbin ba ƙuri'a ce ta fitar da su ba, su suka zaɓa, kuma wataƙila tun farko hankalinsu ya fi karkata ga aikin likita fiye da bincike. Binciken Maton ya nuna sun fi shiga makarantun likitanci. Sannan mafi yawan maƙalun da suka auna shirin ma'aikatan UMBC ne suka rubuta su, wasu har da sunan Hrabowski a ciki. Wannan bai rushe sakamakon ba, musamman bayan abin da aka gani a Pennsylvania da North Carolina, amma ya kamata mai karatu ya riƙe shi a zuciya idan ya ci karo da lissafin ninki biyar.

Bayan 2022

Hrabowski ya yi ritaya a 2022, Valerie Sheares Ashby, masaniyar ilimin sinadarai daga Jami'ar Duke, ta gaje shi. A shekarar ce aka sa UMBC a rukunin jami'o'in da suka fi yawan bincike a Amurka, kuma HHMI ta sanar da wani shiri na dala biliyan 1.5 mai ɗauke da sunansa, domin tallafa wa matasan malaman jami'a masu bincike har 150.

Yanayin shari'a da siyasa ya canja tun daga lokacin. A ranar 29 ga Yuni, 2023, Kotun Ƙolin Amurka ta haramta la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, a shari'ar da ta shafi Harvard da Jami'ar North Carolina. Shirin Meyerhoff ya riga ya daina keɓe gurbi bisa launi shekara 27 kafin wannan hukunci, abin da ya ba shi kariyar da wasu shirye-shirye ba su da ita. Sai dai kuɗin binciken da ɗalibansa ke dogaro da su, da na shirin 'yan digiri na gaba da Summers ya jagoranta da tallafin NIH, da yawansu daga gwamnatin tarayya suke fitowa. A farkon 2025 gwamnatin Donald Trump ta ba da umarnin dakatar da shirye-shiryen daidaita wakilci a hukumomin tarayya, aka soke tallafi da dama na wannan fanni a NIH da Gidauniyar Kimiyya ta Ƙasa. A watan Fabrairun shekarar HHMI, duk da cewa ba ta gwamnati ba ce, ta rufe wani shirinta na dala miliyan 60 da ke tallafa wa makarantu 104 wajen gyara yadda ake koyar da kimiyya a shekarun farko na jami'a.